Inabin Modu Kahor

Rigimar da Modu bai taɓa mancewa ba, bai kuma taɓa yafe mini dariyar da na yi a kanta ba, ita ce rigimar miya.

Itaciyar inabin da ya dasa a bayan zaurensa, nan cikin Birni, tsohon garin Damagaram, ta daɗe tana yi masa ganye ba ɗa. Da ta tashi haihuwar fari sai ta yi nono guda tak, kamar nonon dabino amma bai kai tafin hannu ba. Modu ya ɗinka masa jaka da tsohuwar hularsa saboda tsuntsaye. Safe ya leƙa, yamma ya leƙa, kai ka ce jariri aka ba shi reno. Ran nan baƙi suka zo daga Gaffati, matarsa Ya Gana ta ɗora miyar taushe, ta duba ta ga yakuwa ta ƙare. Ta kwance hular, ta ɗanɗana ƙwaya ɗaya, ta ji tsami har cikin kunne. Ta ce alhamdu lillahi, ta tsinke duka ta watsa a tukunya.

Modu ya dawo daga kasuwa ya tarar da hula a rataye ba kowa ciki. Ihun da ya yi, na ɗauka gobara ce. Bai tsaya ba sai gidan mai unguwa, mu kuwa muka bi shi a baya, don irin wannan shari'a ba a ba ka labarinta. Mai unguwa ya saurari kowa, ya shafa gemu, ya ce shi ba ya hukunci sai ya ga shaida. Aka kawo miyar da malmalar tuwo. Ya ci shaida tas, ya suɗe hannu, sannan ya ce, "Ya Gana ba ta da laifi. Kai kuma Modu, ka ƙara dasa wata, wannan ba za ta ishi unguwa ba."

Modu ya juyo ya gan ni ina riƙe da ciki. Ya ce, "Wasila, ke dai Allah ya shirye ki." Na ce, "Amin, taubashi, amma ka fara tambayar ko da sauran miyar."

Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka ni da shi zagi halal ne, kuma ban taɓa barin nawa ya kwana ba. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, gajeruwa, wadda in na tsaya a kan turmi ina ganin har cikin tukunyarsu. Yanzu da ya riga mu, Allah ya jiƙansa, na ga gara in faɗi yadda yake, kafin yaran yanzu su mai da shi wani waliyyi ko wani mahaukaci. Ba ko ɗaya. Baduku ne, jikan mutanen Barno, dogo siriri, mai kunnuwa kamar marfin tukunya, mai taurin kai irin na jakin da ya ga gada.

Yana saurayi aka kama shi soja, lokacin yaƙin Nasara da Jamus. Ya tafi yana kuka, mu muna kuka, kakarmu ta ɗaura masa layu har wuyansa ya ƙi juyawa. Can ƙasar Faransi rundunarsu ta watse, kowa ya kama gabansa. Shi ya yi ta tafiya kudu, yana kwana a rumbunan ciyawa, har ya faɗi a bakin wata gona kusa da wani gari da ake kira Kahor. Mai gonar wata tsohuwa ce, Madam Leoni. Ɗanta guda ne, an kai shi yaƙin nan bai dawo ba. Ta tarar da baƙin mutum kwance cikin kunyoyinta da rigar soja irin ta ɗanta. Ba ta kira kowa ba. Ta ba shi miya, ta ƙone rigar, ta ciro masa kayan ɗan daga akwati. Wandon bai kai masa idon sawu ba. A haka ya zauna wurinta har yaƙi ya ƙare.

Tun da ya dawo ba mu huta da Kahor ba, har sunan ya bi shi. Ka ce masa rana ta yi zafi, ya ce a Kahor sanyi kan sa yatsa ya ƙi lanƙwasa. Ka ce Birni ta cika duwatsu, ya ce ba ka ga gonar Madam ba, tsakuwa zalla, fari fat, a kan tudu, kogi yana kewaya ta ƙasa kamar igiyar guga da aka yar. Wai a nan inabi ya fi so. Wai ba su ba shi ruwa ko kaɗan, sai abin da sama ta zubo, don in ka shagwaɓa shi saiwarsa ba ta nutsawa. Wai da sanyi suke bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya suna aske su ƙwal, da kaka kuma su tsinke 'ya'yan, ƙanana baƙaƙe masu kaurin fata, su zuba a wata babbar ƙwarya ta katako su shiga da ƙafa suna tattakawa.

Abin da ke fitowa kuwa, ba sai na ɓoye ba, giya ce. Ja ce a suna, amma ya ce in an zuba a kofi ba ka ganin hasken fitila ta ciki, har su da kansu baƙa suke ce mata. Mai kauri ce, mai nauyi, mutanen can kan ce tana cika baki kamar abinci. Sukan rufe ta cikin gangunan katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta shekara tana kwance. In ka shiga ɗakin, in ji shi, ƙanshin kamar ka haɗa ɗinya cikakkiya da sabuwar fatar jima da hayaƙin itace. Masu sha kuma haƙoransu kan yi shuɗi kamar hannun marini.

"To, Modu," nakan ce, "duk wannan bayani, kuma ka ce ba ka kurɓa ba?"

"Wallahi ko ɗigo. Madam da kanta ke ajiye mini madarar akuya. In wani ya miƙo mini kofi ita ke buge hannunsa."

"Ƙanshin fa?"

"Hanci ba ya da marfi, Wasila. Ƙafata dai ta sha, wannan na yarda. Wata guda tana baƙa."

"Ƙafarka da ma baƙa ce, wa ya gane?"

Na yarda da shi, amma ban taɓa gaya masa ba.

Ranar da zai taho, tsohuwar ta kai shi layin inabin da ɗanta ya dasa da hannunsa kafin a tafi da shi. Ta yanko 'yan sanduna, tsawon kamu kamu, ta jiƙa safar ulu ta ɗan ta naɗe su ciki, ta haɗa masa da almakashin askin reshe. Ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Ka kai su inda ba a yaƙi." Ya ratsa teku da su, ya ratsa ƙasashe a bayan kamiyo, babbar motar kaya, yana jiƙa safar da ruwan shansa. Da ya iso, uwarsa ta buɗe jakarsa tana neman tsaraba, ta sami ƙirare cikin safa mai wari. Ta ce, "Wayyo, sun taɓa mini kan yaro."

Ɗaya ce ta kama a cikinsu. Mu muka sa mata suna Madam, don tsokana, shi kuwa ya karɓa da gaske.

Kowa ya san Damagaram da ruwa ba su taɓa shiri ba, ko a shekarar ƙoshi. Modu ya san ba Kahor yake ba, nan in ka bar itaciya da sama kaɗai watanni tara, gawayi za ka tarar. Sai ya yi dabara. Ya binne fasasshiyar randa a gindinta, ya rufe bakin da faffaɗan duwatsu, ya mai da wurin wurin alwalarsa. Sau biyar a rana zai tsuguna a kan duwatsun da butarsa, ruwan ya bi ta tsakaninsu ya shiga randa, randa ta riƙa tsatsa wa saiwa a hankali. Ko tafiya ba ya son yi saboda haka. Wani ruwa dabam kuwa bai yarda ba. Na taɓa miƙo masa ruwan wanke-wanke ta kan katanga, da kyakkyawar niyya, ya yi tsalle kamar na miƙo kunama, wai da toka da sabulu a ciki za su ƙone mata ciki. A haka ta hau rumfa, ta rufe bayan zauren da inuwa. Shekarar da ta ga dama ta yi 'ya'ya, ya raba wa yaran unguwa ƙwaya ƙwaya, su tsotsa su yamutsa fuska su dawo neman ƙari. Ya Gana kuwa kullum cikin mita take: ganye ya cika mata tsakar gida, rumfar ta tare mata wurin shanya, mutum ya girma yana hira da itace.

Wata shekara wani Bature mai haƙar rijiyoyi ya zo sayen jakar fata a zauren Modu. Ya hango ganyen ta ƙofa, ya tsaya cak. Ashe mutumin wajen can ne. Suka yi ta Faransanci, Modu yana ta washe baki, sai na ga bakin ya rufe. Baturen ya gaya masa an yi wani sanyi a ƙasarsu bayan yaƙi, wanda ya kashe kusan dukan inabin kwarin nan har saiwa, aka tumɓuke gonaki aka sake dashe. Tsohuwar bai san ta ba, amma ya ce a shekarunta da wuya tana nan. Bayan tafiyarsa Modu ya daɗe zaune ƙarƙashin rumfa. Na leƙo na ce, "Taubashi, wa ya mutu?" Ya ce, "Wasila, layin da yaron nan ya dasa, ina jin wannan kaɗai ta rage a duniya." Ranar ban tsokane shi ba. Na rama washegari.

Sai farin nan na saba'in da uku ya zo, wanda ya zarce har shekara ta gaba. Wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Damina ta yi ƙarya, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Tabkuna suka tsage. Fanfon unguwa ya koma yin tari ba ya kawo komai, sai a jira kamiyon ruwa, tuluna da bokitai a jere tun daga bakin masallaci har kwanar titi, mata suna faɗa a kan wuri, matan da jiya suke cin abinci kwano ɗaya. Mutanen ƙauye da na daji suka cika gari. Ana rabon wata jar dawa ta taimako wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci.

Gidan Modu ya sami nasa rabon baƙi. Ali, ɗan yayan Ya Gana, manomi daga Damagaram Takaya, ya iso da matarsa da yara, da jaririya a goye wadda kukanta ma ba ya fita. Ya Gana ta koma auna ruwa da moɗa, kowa da nasa, na sha dabam, na alwala ɗan kaɗan a gindin buta. Ruwan da ke isar mutum biyu aka ce ya ishi tara. Nonon matar Ali ya fara ɗaukewa.

Ina kan turmina da hantsi na ga Modu ya ɗauki butarsa ya juye ɗan abin da ke ciki a kwanon shan matar Ali. Ya ce, "'Yata, daga yau wannan naki ne. Ni Allah ya ba ni ƙasa, zan yi taimama." Ta ce, "Baba, Madam fa?" don har baƙi sun san zancen. Ya shiga ɗaki ya fito da almakashin nan, ya wasa shi a kan dutse.

Na sha ganin yana mata aski, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Ya sauke rumfar gaba ɗaya. Reshen da ya fi ni tsawo, reshen da yara ke lilo da shi, duk ya datse, ya ba Ya Gana ta hura wuta. Ya bar kututture iya gwiwa, da ɗan guntun reshe mai ido biyu. Na ce, "Modu, ka kashe ta!" Ya ce, "Haka Madam Leoni ke yi a muguwar shekara. Ganye shi ke shan ruwa. In ba ta da abin ciyarwa, wataƙila ta iya jira." Na ce, "In ba ta iya ba fa?" Ya ce, "To, na dai kai ta inda ba a yaƙi." Ya kifa mata tsohuwar tabarma saboda rana.

Daga nan in lokacin salla ya yi sai ya je ya tsuguna a wurin da ya saba, ya buga tafinsa a kan busassun duwatsun ya shafa fuska. Sau ɗaya na ji ya nemi gafara da Faransanci, ƙasa ƙasa, "Fardon, Madam." Ya rame, kunnuwan suka ƙara fitowa. Ya daina zancen Kahor, mu da muka gaji da shi muka koma kewarsa.

Ya Gana ce ta fara. Da azahar, rana tsaka, ta fito da 'yar butarta, ta wuce wurin da ta saba alwala a bakin ɗaki, ta zo ta tsaya a kansa.

"Matsa mini, tsoho."

"Ina za ki?"

"Alwala zan yi. Kuma kada ka ɗauka don itacenka ne. Nan ya fi inuwa."

Ko inuwar tsinke babu a wurin, shi da kansa ya sare ta. Modu ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ta, ya matsa. Ruwanta bai fi cikin tafi uku ba, ya gangara tsakanin duwatsu ya ɓace. Da la'asar matar Ali ta bi sahu. Ni kuma na ga duwatsun nan sun fi daɗin tsuguno ga mai ciwon gwiwa, sai na riƙa zagayowa da tawa butar. Kafin wata ya ƙare matan gidaje huɗu suna zuwa. Ba wadda ta rage wa ɗanta ko kurɓi ɗaya. Ruwan da da ma zai zube a rairayin tsakar gida ne, aka canja masa wurin zuba. Modu ya zama mai gadi, yana zaune yana sa ido kada wata ta zo da sabulu a hannu.

Madam kuwa shiru. Kututture baƙi kamar an ƙone. Bazara ta shigo, zafi ya kai inda ya kai, gajimare ya taso ya watse. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita, ba ɗigo. In mutane suka roƙa ba su samu ba, sai su fara waige-waige suna neman mai laifi. Aka fara ƙus-ƙus a bakin masallaci: a unguwar nan akwai uwar giya, kuma da ruwan ibada ake shayar da ita.

Wanda ya ɗauko maganar ya kawo gida shi ne Suma'ila, ladanin masallacinmu, majemi, abokin darar Modu tun suna samari, wanda a wurinsa Modu ke sayen fata. Ba mugu ba ne. A makon nan tunkiyarsa ta ƙarshe ta mutu, muryarsa ma ta dushe don yunwa, in ya kira salla sai na kusa ke ji. Ya zo bayan la'asar da gatari a kafaɗa, dattawa uku a bayansa, suka tsaya bayan zaure. Mu mata muka ja gefe, amma ba mu yi nisa ba, ni dai ban yi ba.

Suma'ila ya yi gaisuwa irin ta mutanen Barno, "Aba Modu, wushe."

"Wushe, Ladan. Itace za ka faskara mana?"

"Ka san abin da ya kawo ni. Jama'a sun ce a cire kututturen nan."

"Me ya ci musu?"

"Kada ka mai da ni yaro. Inabi halal ne, ba wanda ya musa. Amma da bakinka ka gaya mana wannan irin ba na ci ba ne, na giya ne, tun kakanninsa aikinsa ke nan. Ga shi sama ta ƙi mu. Kuma ma ya mutu, Modu. Me za ka yi da gawa?"

Na ce daga inda nake, "Ladan, in gawa ce me ya sa ka zo mata da mutum uku?" Ya ce, "Wasila, ba da ke nake ba." Na ce, "Ai shi ya sa na amsa."

Modu bai yi dariya ba. Ya tashi da kyar, ya dafa bango, ya je ya ɗaga tabarmar. Ni kaina ban sani ba, ashe kwana biyu yana ɓoye abin, yana tsoron baki. Idanun nan biyu sun fashe. Ganye biyu ƙanana, masu gashi gashi, kore da ɗan ja a baki, ba su fi kunnen ɓera ba. A duk Birni ranar ba na jin akwai wani abu kore in ba su ba. Ya Gana ta sa gefen zane a baki. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce "Ikon Allah" bai san ya faɗa ba. Jaririyar Ali, wadda ta fara samun nono, ta zaɓi lokacin ta tsala kuka mai ƙarfi, irin wanda muka daɗe ba mu ji ba.

Suma'ila ya sauke gatarin ƙasa, amma bai sauke maganar ba, don shi ma da nasa taurin kan.

"To, tana da rai. Wannan bai canja asalinta ba. 'Yar giya ce, jikar giya."

An yi ruwa bayan wannan, ba da yawa ba, amma an yi. Madam ta sake hawa rumfa, tana nan har gobe, jikokin Ali ke tsinkarta, Suma'ila kuma a inuwarta ya ƙarasa dararsa da Modu har ƙarshen ransu. Gatarin a nan ya manta shi ranar, Ya Gana ta yi ta faskare da shi. Amma abin da unguwa ta riƙe shi ne amsar da Modu ya ba shi, yana tsaye da tabarma a hannu, wandonsa na faɗuwa don rama.

Ya ce, "Ladan, kusan shekara talatin ke nan, duk kiran da ka yi, asuba har lisha, ita ce ta fari a wurin alwala, ba ta taɓa fashi ba. In har yanzu ba ta musulunta ba, nuna mini wanda ya musulunta a sahunka."